Karan Hancin Alaramma Tukur

Duk shekara sai an turo mini sababbin likitoci su koyi aiki a hannuna, kuma duk shekara sai an samu wanda zai ce shi tiyatar hanci yake so. In na tambayi dalili, sai ya zaro waya ya nuna mini bidiyo. Ga mace da ɗan tudu a karan hanci, an kwantar da ita, an sa kiɗa, an yaye mayafi, ga hanci sumul. Kafin ka gama kurɓar shayi an kammala. To, ni irin waɗannan mutanen nake karɓa a nan Bauchi bayan kiɗan ya ƙare, kumburi ya sace, hanci ya lotsa, iska ta ƙi shiga. Sana'ata ke nan, mayar da abin da wani ya cire ya jefa a bokiti. Ku zauna in ba ku labarin aiki guda, ko kwa rage rawar kai. Sunayen da zan kira ba na masu su ba ne, kuma sai da babban cikinsu ya kwanta dama sannan aka yarje mini in buɗe baki.

Ku fara da sanin abin da kuke taɓawa. Karan hanci ba ado ba ne kawai. Samansa ƙashi ne, ƙasansa guringuntsi, a tsakiya kuma ga bangon da ya raba ƙofofin biyu. Aikinsa aikin azara ne a ɗakin soro, in ka rage ta fiye da kima rufi zai sauko. Gefe biyun da ke jingine da karan sai su faɗa ciki, duk sanda mutum ya ja numfashi su manne da bango. Daga waje za ka ga tsakiyar hancin ta lotsa kamar an danna da babban yatsa. Mai hancin kuwa ya koma shaƙar iska da baki, kullum ya wayi gari da busasshen maƙogwaro.

Kayan cirewa ba su da yawa: ɗan magagari, cizal na sassaƙar ƙashi, da guduma wadda ba ta kai ta mai gyaran takalmi ba. Magagarin nan shi ne mugu. Yana da daɗin riƙewa, ba ya ƙara, ba ya gardama. Lokacin da kake aiki hancin a kumbure yake da ruwan allura, sai idonka ya gaya maka da saura. Ka ce bari in ƙara gugar nan ɗaya. Wannan gugar ita ce za ta kawo mutum ƙofar ofishina bayan shekara.

A Zariya na koyi aiki, wurin wani tsohon farfesa Bayarabe da muke kira Baba. Mu biyu ya ɗauka a shekararmu, ni da Hamisu. Baba ba ya barin ka taɓa mutum sai ka gaji da taɓa saniya. Ranar Asabar sai mu tafi mahauta mu sayo haƙarƙari, daidai inda guringuntsi yake, mu zauna a baranda da wuƙar tiyata muna sassaƙa. Mahautan sun ɗauka tsoka ce ta fi ƙarfinmu, har wani yakan ƙara mana huhu don tausayi. Baba zai ce a fitar masa da miƙaƙƙiyar sanda, a jefa cikin ruwan gishiri, ya tafi zagayen marasa lafiya ya dawo. Guringuntsin haƙarƙari taurin kai gare shi. A lanƙwashe Allah ya halicce shi, komai miƙewar da ka yi masa, in ya samu lokaci sai ya nemi komawa yadda yake. Dole ka fitar da sandarka daga tsakiya, ka rage gefe da gefe daidai wa daida, sannan ka naɗe hannu ka jira ka ga inda za ta karkata.

Hamisu ba ya son jira, amma Allah ya ba shi hannu. Ba don faɗar tana mini daɗi nake faɗa ba. Abin da zan yi gumi na ɗiga daga haɓata, shi zai yi shi yana ba da labarin ƙwallo. In Baba ya dawo, nawa zai ɗauka ya juya ya ce, "Ba laifi," ya ajiye. Na Hamisu kuwa sai ya ɗaga sama ya kira masu wucewa su zo su gani. Na ji ƙyashin abin nan tun ina saurayi, ga shi furfura ta cika mini kai ban daina ji ba.

Muguwar shekara a aikina ita ce wadda damina ta ɓarke silin ɗakin tiyatarmu a nan Bauchi. Aka rufe don gyara, gyara ya ƙi ƙarewa. 'Yan acaɓa na ta karya hanci a Wunti, ni kuma ina ta tura su Jos da Kano. Abin da ya rage mini shi ne zaro wake da 'ya'yan tsamiya daga hancin yara, da wanke wa tsofaffi kunne. Don kada hannu ya mutu, na koma mahauta da girmana ina sayen haƙarƙari. A shekarar ne Hamisu ya dawo daga ƙasar waje ya buɗe asibitinsa a Abuja, gini duk gilashi, hotonsa a wayar kowa. Wata rana ina cin tuwo matata ta miƙo mini waya ta ce, "Wannan ba abokinka ba ne? Kai, shi bai tsufa ba." Na ce mata miyar ta yi gishiri. Miyar lafiyarta lau.

An daɗe da sake buɗe ɗakin tiyatar sanda Alaramma Tukur ya zo mini, wata Talata bayan Mauludi. Ya zauna a ƙarshen benci ya bar kowa ya shiga gabansa, sai da wuri ya watse sannan ya yi sallama. Takunkumi ne a fuskarsa, alhali kowa ya daɗe da jefar da nasa. Na san shi, don duk wanda ya taɓa wucewa ta Fadaman Mada da azumi ya san shi. Shi ne mai jan baƙi a tafsirin masallacin Alhaji Sule mai tireloli, wato shi ke karanta ayoyi, malam ya fassara. Yana da wani amo da ke fitowa ta hanci mai narkar da zuciya, har masu keke Napep sukan kashe inji a bakin titi su saurara. Bafulatani ne dogo, da hanci har baka, sai ɗan tudu na gado, da karkatar da ya samu sanda ya faɗi da babur shekarun baya.

Da ya sauke takunkumin sai na ga ɓarnar. Karan nan ya tafi. Tsakiya ta nutse, tsinin ya ɗage sama, fuskar ta koma kamar ta wani ɗan uwansa na nesa. Na ce ya rufe baki ya ja numfashi. Gefe biyun suka manne, wani siririn fito ya fita. Na sa yatsa a kumatunsa na ja gefe, na ce ya sake. Iska ta shige zuruf. Ya buɗe ido ya dube ni kamar na yi tsafi.

"Allah gafarta Malam, yaya aka yi haka?"

Ya sunkuyar da kai. "Likita, alheri aka yi mini."

Da ƙyar na tattaro labarin. Tun faɗuwar babur ƙofar dama take a toshe, yana fama ba ya faɗa. Alhaji Sule ya ji shi yana yawan shaƙewa, sai kawai ya ce ya shirya, gobe jirgi. A Abuja suka shiga wurin likita tare, Alhaji a kujerar gaba, Alaramma a gefe. Likita ya ce zai buɗe hanyar iska, sannan ya tambaya ko a taɓa tudun tunda an riga an shiga. Ya juyo musu da kwamfuta ya nuna yadda hancin zai koma.

"Alhaji ya ce a yi mini duk abin da ake yi wa manyan mutane, kada a rage komai."

"Kai kuma ka ce me?"

"Ina zan ce, Likita? Mutumin da ya ɗauko ni, ya sa ni a jirgi, ga shi zaune. Na ce na gode."

Ban tambayi sunan likitan ba. Na ɗaga tsinin hancin na ga tabon yankan da ke tsakanin ƙofofin biyu, siriri, da ɗan lanƙwasar da Baba ya koya mana. Mu biyu kaɗai na sani masu yin ta haka, ni kuwa ban taɓa wannan fuskar ba. Wallahi daɗi na fara ji kafin tausayi ya iso. Shekara da shekaru ina jiran Hamisu ya zame, ga shi Allah ya kawo mini zamewar har ofis, a kan fuskar da duk Bauchi ta sani. Kafin Alaramma ya mayar da takunkuminsa har na tsara jawabin da zan yi a taron likitocinmu, na hango Hamisu a sahun gaba yana kallon hotunan.

Alaramma ya ci gaba. Azumin da ya wuce, lasifika ta riƙa ɗaukar fiton nan tana watsawa unguwa. Amon hancin ya ɓace, numfashi yana yanke masa a tsakiyar aya. Ba a je ko'ina ba malam ya ce mataimaki ya karɓa. Alhaji ya kira Abuja, aka ce masa kumburi ne, irin wannan aiki sai an ba shi shekara har da ɗoriya. Alhaji ya yarda, ya kuma gaya wa kowa. Amma dattawan masallaci sun yi magana: in azumi mai zuwa ya zo a haka, kujerar ta koma hannun wani. Gidan da Alaramma ke ciki da iyalinsa a bayan masallaci kuwa na mai kujerar ne.

Na ce masa zai gyaru, da yardar Allah.

Ya ce, "To ga sharaɗina. Kada Alhaji ya ji. Kada likitan can ya ji, don in ya ji, Alhaji ya ji."

"Haba Alaramma! Ɓarna aka yi maka. Haƙƙinka ne ka faɗa."

"Likita, Alhaji ya tsaya gaban jama'a ya ce ya kai ni wurin wanda ya fi kowa. In aka ji na zagayo asibitin gwamnati an sake aikin, na ce alherinsa bai yi ba ke nan. Ka san shi kuwa? Direbansa ya taɓa canza launin motar da ya ba shi kyauta, har yau bai sake amsa gaisuwarsa ba. In na gyaru ya ji, na rasa kujera. In ban gyaru ba, na rasa kujera. Hanya ɗaya ce, a ce aikin can ne ya warke."

Ina ji ina gani jawabina ya rushe. Sai ya zaro waya ya nuna mini abin da ya ƙarasa ni. Hoton da Hamisu ya zana a kwamfuta ne, miƙaƙƙen kara babu tudu babu kwari. Alhaji ya gan shi, ya nuna wa abokansa, shi yake jira. Ni da so nake in mayar wa mutumin nan hancin gidansu da ɗan tudunsa, wanda 'ya'yansa suka gada. Ba dama. Dole in sassaƙa hanci irin na Hamisu, da salon Hamisu, yadda kowa zai rantse na Hamisu ne. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba.

Yanzu ku saurari inda aikin yake. Abin da aka cire ya tafi, sai ka nemo wani. Wuri na farko shi ne bangon tsakiya, to Hamisu ya riga ya kwashe na nan. Na kunne yana da taushi da lanƙwasa, ba ya ɗaukar nauyi. Akwai roba da ake shigo da ita a leda, an riga an yanka, sai dai ka zura, kuma na san ita kuke so don ba ta da wahala. Ku tambayi kanku sau nawa hancin mai salla ke taɓa ƙasa a rana, balle na alaramma mai nafilfili. Robar za ta yi ta gugar fata daga ciki har wata rana ta leƙo. Sai haƙarƙarinsa. Da na gaya masa na zaci zai yi jayayya, sai ya ce ai naman jikinsa ne, daga ɗaki zuwa ɗaki za a kai shi. Roƙonsa ɗaya, abin da ya yi saura a ba shi ya binne.

Sai matsalar ɓoyewa. Bayan aiki zai yi makonni da filasta a fuska, ba zai kai hanci ƙasa a sujada ba, kuma rana ɗaya a sahun masallaci ta isa asiri ya tonu. Shi ya samo mafita. Ya sanar cewa zai shiga halwa a gidan yayarsa Goggo Dije a Miri. Wanda ya shiga halwa ba a ganinsa, ba a tambaya. Ya ce mini kuma ba ƙarya zai yi ba, da gaske zai keɓe ya yi ta tilawa a zuci.

Ranar aiki da safe, Sista Rifkatu ce a gefena. Mutuniyar Tafawa Balewa ce, tun ina sabon zuwa take miƙa mini kayan aiki, ta san abin da zan nema kafin in buɗe baki. Ta leƙa fuskar ta ce, "Oga, wannan hanci wa ya cinye shi?" Na ce ba ruwanta. Ta ce, "Aikin abokinka ne ko? Idonka ya nuna, kana dariya cikin takunkumi." Na ce ta miƙo wuƙa.

Da haƙarƙari ake farawa. Ɗan yanka a ƙasan ƙirjin dama, ka raba tsoka, ka tarar da guringuntsi fari tas. A bayansa akwai tantanin huhu, ba ya da kaurin jiƙaƙƙiyar takarda. In ka huda shi iska ta shiga ƙirji, huhu ya sace, ka zo gyaran numfashi ka ɗauke shi gaba ɗaya. Na ɓamɓaro abin da nake so a hankali, na cika ramin da ruwan gishiri, na ce wa mai ba da maganin barci ya hura huhun. Muka zuba ido a kan ruwan mu ga ko kumfa zai taso. Bai taso ba. Na fitar da sanduna na jefa a kwano, na koma fuska.

Hancin da ba a taɓa buɗewa ba, fatarsa tana ɗaguwa kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Wanda aka taɓa buɗewa kuwa tabo ya manne komai da komai, ba ka gane inda fata ta ƙare inda ƙashi ya fara. Da bakin almakashi kake bi, kaɗan kaɗan, in ka zarce ka ɓula, mutum ya yi ta yawo da shaidarka a fuska har ya mutu. Wannan ba a nuna shi a bidiyo, don babu kiɗan da zai kai tsawonsa. Da na gama ɗagawa na ga abin da ya rage: ƙashin an goge shi ya kwanta, bangon tsakiya ya koma siriri, gefe biyun sun zube ciki. Amma abin haushi, karkatar da babur ya bari an miƙe ta tsaf, ɗinkin da ke tsinin kuma jere yake kamar na keke. Ko cikin ɓarnar Hamisu hannun nan yana nan. Na tsaya ina kallon ɗinkin har Sista ta yi gyaran murya.

Na koma kwano na tarar babbar sandar ta fara lanƙwasa. Na ajiye ta gefe, na fitar da wata daga can tsakiya, na jefa, na jira. A jiran nan na yanka sirara biyu na ɗinke su a gefen bangon, dama da hagu, su tokare gefen da suka zube, hanyar iska ta buɗe. Sanda ta biyu ta zauna a miƙe. Sista ta riƙe mini wayar Alaramma daga nesa, ina kallon zanen Hamisu ina aske guringuntsi, in gwada in cire, in aske in sake gwadawa. Tun da nake ban taɓa aikin da ya yi kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin ɗacin aiki kamarsa ba. Ragowar Sista ta naɗe a bandeji ta ajiye masa.

Miri a kan acaɓa nake zuwa, da tsohon kaftani, don in aka ga motar likita a ƙofar Goggo Dije magana ta fita. Maƙwabta sun ɗauka mai neman addu'a ne. Ranar da na cire filasta da abin da na cusa a ciki, Alaramma ya rufe baki ya ja iska a hankali. Sannan ya juya wajen yayarsa.

"Adda, ashe gidan nan warin awaki yake?"

"Ka ji mini ɗan nema! Da hancin naka ya dawo da ni za ka fara?"

Amma ban samu natsuwa ba. Haƙarƙarin ya fi hancin ciwo, in ya ja dogon numfashi sai ya dafe ƙirji. Muryar kuma tana nan a toshe saboda kumburin ciki. Rajab ya wuce, Sha'aban ya shigo, Alaramma ya koma gida da takunkuminsa. Duk sanda na ce ya karanta in ji, sai ya ce a bari tukuna. Na gane tsoro yake ji, ni ma shi nake ji.

Ranar buɗe tafsiri bayan la'asar na tafi Fadaman Mada, na zauna can baya kusa da takalma. Masallaci ya cika har titi. Ina ɗaga kai sai ga Hamisu a sahun gaba kusa da Alhaji Sule, cikin farar shadda, ko furfura ɗaya babu. Ashe Alhaji ya gayyato shi musamman. A gefen Alaramma kuma ga mataimakin nan zaune da nasa Alƙur'anin a buɗe, ana jira a gani.

Alaramma ya sauke takunkumi. Wani ƙus-ƙus ya bi sahu. Ya gyara zama, ya matso da lasifika, ya yi ta'awizi. Jama'a na sauraron karatu, ni kuwa iska nake saurare, kamar yadda makanike ke kasa kunne ga inji. Ya ja numfashin farko, babu fito. Ya shiga doguwar aya ya kai ƙarshenta bai yanke ba, amon nan na hanci ya cika masallaci ya fita titi. Wani tsoho kusa da ni ya fara kabbara ƙasa-ƙasa. Da ya kai aya, malam bai fara fassara ba. Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga ya ce, "Maimaita, Tukur." Mataimakin ya rufe Alƙur'aninsa a hankali ya ɗora a cinya.

Da aka tashi rufewa Alhaji ya karɓi lasifika. "Jama'a, ban gaya muku ba? Likita ya ce a ba aikin shekara, wasu suna ta surutu. To ga shi kun gani da idonku, kun ji da kunnenku. Ga likitan nan zaune. Malam, a yi wa hannun nan addu'a." Aka ɗaga hannu. Allah ya ƙara wa hannun Likita Hamisu albarka, Allah ya tsare shi daga mahassada. Masallaci ya amsa da amin. Ni ma na ɗaga nawa, don ba yadda za ka yi a cikin sahu, amma aminina bai wuce haƙorana ba.

Hamisu dai ban ga yana murmushi ba. Tun da aka sauke takunkumin yake kallon hancin ta gefe. Ina laluben takalmina a bakin ƙofa sai na ji an dafa ni.

"Garba, kai ma kana nan?"

"Karatu na zo ji."

Ya rage murya. "Sacewar kumburi dai ba ta haifar da guringuntsi."

"Allah mai iko ne," na ce.

"Ko kaɗan bai karkata ba." Ya zuba mini ido. A fuskarsa na ga irin kallon da na daɗe ina yi wa sandunansa a baranda. So yake in faɗa, ni kuwa ƙishirwar faɗar ta fi ƙishirwar azumin da ke bakina.

Sai ga Alhaji ya iso riƙe da hannun Alaramma, jama'a na binsu. Ya dube ni da tsohon kaftanina ya ce wa Hamisu, "Likita, wannan kuma fa?"

Hamisu ya ce, "Abokin karatuna ne, ranka ya daɗe. Shi ma aikin hanci yake yi, a nan asibitin gwamnati."

"To madalla!" Alhaji ya dafa kafaɗata. "Ka ga aiki ko? Ka riƙa leƙa wurinsa kana ƙaro ilimi, kada girman kai ya hana ka. Mu ma nan Bauchi muna so wata rana a ce muna da irinsa."

Hamisu ya kawar da kai. Alaramma ya ɗago ido ya dube ni, hannunsa ɗaya a kan ƙirjin dama. Kujerarsa da gidansa da iyalinsa duk suna kan harshena, kuma maganar ta riga ta taso har maƙogwaro.

Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Alaramma ya saki numfashin da ya riƙe. Ta hanci ya fita, ko ƙara babu. Na sunkuya na ci gaba da neman takalmina.